Tuskegee: makarantar sana'ar da ƙuri'a ta haifa

Masu cewa a koya wa talaka sana'a kawai, ya bar siyasa ga masu ita, ya kamata su duba yadda aka kafa Jami'ar Tuskegee a jihar Alabama ta Amurka.

A zaɓen 1880 wani ɗan takara farar fata, W.F. Foster, ya nemi ƙuri'un baƙaƙen fata na gundumar Macon. Jagoransu Lewis Adams, maƙeri kuma baduku da aka haifa cikin bauta, bai nemi ko sisi ba, makaranta ya nema wa mutanensa. Foster ya ci zaɓe, majalisar jiha ta ware dala 2,000 a shekara, amma albashin malamai kaɗai kuɗin za su biya. Ba fili, ba gini. Haka Booker T. Washington, wani malami baƙar fata, yana da shekara 25, ya buɗe makarantar ranar 4 ga Yuli, 1881, da ɗalibai 30.

Abin da ya biyo baya ya cancanci yabo. Ɗaliban da kansu suka buga tubali, suka gasa shi bayan aikin ya sha lalacewa a hannunsu, suka gina azuzuwansu, suna koyon kafinta da noma da ɗinki tare da karatu. A 1896 masanin aikin gona George Washington Carver ya zo yana nuna wa manoman da auduga ta tsotse ƙasarsu yadda gyaɗa da dankali za su farfaɗo da ita.

Inda ban yarda da Booker T. Washington ba shi ne jawabinsa na Atlanta a 1895, da ya ce baƙaƙe su riƙe sana'a, su yi haƙuri da wariyar launin fata tukuna. Haƙurin bai biya ba. A 1901 tsarin mulkin Alabama ya ƙwace ƙuri'ar mafi yawansu, ƙuri'ar da ita ce ta samo makarantar. W.E.B. Du Bois, masani mai fafutukar 'yancin baƙaƙe, ya yi gaskiya da ya soki Washington. Shi ma Washington ya san da haka, tunda a ɓoye ya riƙa biyan kuɗin ƙarar da ake kaiwa kan wannan zalunci.

Gwani a sana'a da ba shi da bakin magana, wasu ne ke yanke masa farashin guminsa. A 1957 majalisar Alabama ta sake shata iyakar garin Tuskegee, ta yi masa kusurwa 28 don ta fitar da kusan duk baƙaƙen masu zaɓe. Malamin makarantar ne, Charles Gomillion, ya ja ƙarar har Kotun Ƙoli, ya yi nasara a 1960.