Ba zanen dodo ne ke lalata yaro ba

Tun da kamfanin Oni Press na Amurka ya farfaɗo da sunan tsohon kamfanin EC Comics a 2024, ya koma buga mujallun labaran zane masu ban tsoro bayan kusan shekara 70 da rufe su, nake ta cin karo da tsohuwar ƙarar nan a shafukan sada zumunta. Wai a hana yara gani. Wai zanen gawa da kabari da dodo shi ke busar da zuciyar yaro har ya tashi ba tausayi. Abin da ke ba ni haushi shi ne yadda masu wannan magana ke yin ta kamar yau aka fara, alhali an taɓa gwada maganin nasu, an shanye shi har ƙasan kwano, kuma an ga abin da ya haifar.

Wa ma a cikinsu ya zauna ya karanta guda ɗaya har ƙarshe? Ɗauki irin labarin da suka fi tsangwama, na ayarin da ya gangara duniyar ƙarƙashin ƙasa. Mutum biyar ko shida, da igiya da fitila da tsohuwar taswira, sun zura kai cikin kogo don sun ji ƙishin-ƙishin akwai zinariya. Mai zane yana rage haske shafi bayan shafi, har a kai inda ba a ganin komai sai fararen idanu da harshen fitila. Can ƙasa sai ɗaya ya lura cewa in ya yanke igiyar abokinsa, kasonsa zai ƙaru. Ya kuwa yanke. To mummunan abin da ke jiransa a gaba, wanda uwa za ta kawar da kai in ta leƙa shafin, sakamakon wannan yankan igiya ne. Da irin wannan EC ta yi suna a farkon shekarun 1950: maci amana, da makwaɗaici, da mijin da ya kashe matarsa don gado, duk sai alhaki ya kama su kafin shafi na takwas ya ƙare. Yaron da ya karanta zai ji tsoro, ba musu, amma tsoron cin amana ne zai kwana da shi. Mu da muka tashi da tatsuniyar Dodo a bakin kakanninmu bai kamata sai an yi mana wannan bayani ba.

A 1954 wani likitan ƙwaƙwalwa, Fredric Wertham, ya fitar da littafinsa Seduction of the Innocent, inda ya ɗora wa mujallun zane alhakin kangarar yara. A watan Afrilu na shekarar wani kwamitin Majalisar Dattawan Amurka ya zauna a New York, Sanata Estes Kefauver ya ɗaga bangon wata mujalla mai hoton gatari da yankakken kai a gaban mai kamfanin EC, William Gaines, jaridu suka ɗauka suka yaɗa. Kafin shekara ta fita, masu buga mujallun, don gudun kada gwamnati ta riga su, suka kafa hukumar tacewa ta kansu, Comics Code Authority. Aka haramta zana gawa mai tafiya, da masu shan jinin mutane, da mutumin da ke rikiɗa ya zama kyarkeci. Mujallar da ba ta ɗauke da hatimin hukumar, dillalai su ƙi taɓa ta. EC ta rufe mujallunta na ban tsoro, ɗaruruwan masu zane da marubuta suka rasa abin yi. Ingila ma ta bi sahu da tata dokar a 1955. Yaran Amurka sun shiryu ke nan? Manyan laifuka hauhawa suka yi a ƙasar cikin shekarun 1960, lokacin da hukumar ke tsaka da tace mujallu.

Hujjar ma da aka dogara da ita ruɓaɓɓiya ce. Yaran da Wertham ya yi nazari a kansu waɗanda aka riga aka kai asibiti ne saboda matsala, a zamanin da kusan kowane yaro a ƙasar yana karanta mujallun zane. Da aka buɗe takardunsa ga masu bincike a Laburaren Majalisar Amurka a 2010, Carol Tilley ta Jami'ar Illinois ta bi su ɗaya bayan ɗaya, ta wallafa abin da ta gano a 2012: ya canza shekarun wasu yaran, ya haɗa maganganun yara daban-daban ya mai da su na mutum guda, ya share abubuwan da suka faɗa game da rikicin gidajensu. A kan wannan aka kashe sana'ar mutane.

Kuma mai almakashi ba ya tsayawa inda ya ce zai tsaya. Lokacin da EC ta so sake buga wani labarinta mai suna Judgment Day, wanda ya fara fitowa a 1953, shugaban hukumar, Alƙali Charles Murphy, ya ƙi amincewa. Babu jini a labarin, babu gawa. Wani ɗan sama jannati ne ya je duniyar mutum-mutumi ya tarar ana wariya tsakanin masu launin ruwan lemo da shuɗɗa, ya ce ba su cancanci shiga tarayyar duniyoyi ba tukuna. A zanen ƙarshe ya cire hular kansa, sai ga baƙar fata, gumi na ƙyalli a fuskarsa. Wannan fuskar ce ta tsone wa hukumar kare yara ido. Gaines ya yi barazanar tona asirin, labarin ya fita yadda yake, amma daga shi EC ba ta ƙara buga irin waɗannan mujallu ba.

Mu ma a Kano mun ga an cinna wa littattafan soyayya na Hausa wuta a 2007 da sunan gyaran tarbiyya, kuma ba a daina rubuta su ko karanta su ba. Masu cewa ai yanzu a waya yaro ke gani ba kowa kusa da shi, sakacin gidansu suke bayyanawa. Masu tsoron kada a rikita masa aƙida kuwa sun raina yaron da ke zuwa Islamiyya, in suna zaton bai san bambancin kogon mai zane da lahira ba.

A rubuta shekarun da suka dace a bangon mujalla, uba ya duba abin da ɗansa ke karantawa, ya wadatar. Kamfanin Marvel ya fice daga hukumar a 2001 ya koma sa nasa ma'aunin shekarun, kamfanonin DC da Archie suka bi bayansa a 2011, hukumar ta mutu ba wanda ya yi mata kuka. Duk mai son a tono ta a dawo da ita, ya fara kawo mana binciken da ba a yi wa takardunsa kwaskwarima ba.