Mai koyo, nauyin inji za ka fara dubawa, ba fentinsa ba

Matasa da dama a nan Zariya sun fara sha'awar injin nan da ke juya itace ana fere shi da cizal, wanda ake fitar da ƙafafun gado da na tebur, sandar labule, muciya, har da akushi. Na ji daɗin hakan. Amma yadda ake zaɓen injin ne bai kwanta mini ba. Yaro ya tara kuɗinsa da ƙyar, sai ya zube su a kan wanda ya fi kyau a hoto.

Ni dai ra'ayina, ƙanena, fara da nauyi. Gungumen da ka ɗaura bai daidaita ba tukuna, gefe ɗaya ya fi ɗaya, yana fara juyawa zai jijjiga komai. Injin da aka yi gadonsa, wato gangar jikinsa da komai ke zaune a kai, da zubin ƙarfe yana shanye wannan girgizar. Na falle kuwa rawa zai yi ta yi a shago, cizal na tsalle a hannunka, aikin ya fito da gargada, ka zaci hannunka ne bai iya ba.

Sai gudu. Kowa tambayarsa iya saurin injin, alhali mai koyo iya saiɓinsa ya kamata ya tambaya. Masu sana'ar suna da lissafi: ka ninka faɗin itacen a inci da yawan juyawarsa a minti, kada abin ya haura 9,000. Wato guntun maɗaci mai inci 10 iyakarsa juyi 900, kuma wanda ba a fere ba da ƙasa da haka sosai ake fara shi. Injin da ba ya sauka ƙasa, rabu da shi ko da kyauta ne. Ko da sauya bel a kan fuli ake rage gudun, ba laifi, hasali ma wannan ya fi sauƙin gyara a wajen masu gyaranmu fiye da mai na'urar lantarki a ciki.

Maganar wuta kuwa, nan ake yin asara a ɓoye. Wutarmu 230 ce. Injin gwanjo da ya fito daga Amurka galibi na 120 ne, sai da taransifoma. Manyan na masana'anta kuma da yawansu wutar layi uku suke so, shagon haya a Tudun Wada ko Samaru da wuya ka same ta. Sannan moto yana zuƙar wuta ninkin-ba-ninkin a lokacin tashi, shi ya sa ƙaramin janareta kan shaƙe da zarar an kunna. Moto mai ƙarfin doki ɗaya, kusan wat 750 ke nan, ya ishi mai koyo har ya yi yawa.

Wasu na raina haɗin gida, na masu walda. Ban cikinsu. In ƙarfen mai kauri ne, boris ɗin masu kyau, zai ci da kai shekaru. Gwaji ɗaya dai kada ka bari: cikin tsinaye biyun da ke riƙe itace gaba da baya, turo tsinin baya har ya sumbaci tsinin gaba. In bakinsu bai haɗu daidai ba, komai zaƙin bakin mai sayarwa, ɗauki kuɗinka ka tafi. Ka kuma kama sandar da itace ke hawa ka girgiza, in tana motsi boris ya ci. A na kamfani, nemi wanda ramin da tsini ke shiga yake da ma'aunin da ake kira MT2, don shi ne kayan haɗinsa suka fi samuwa.

Kada kuma kuɗin ya ƙare a inji. Akwai cizal uku ko huɗu na ƙarfen HSS, wato mai taurin da bakinsa ke jimawa bai dakushe ba, da injin wasa su, domin itace mai tauri irin ƙirya nan da nan yake dakusar da baki. Akwai garkuwar fuska da abin toshe hanci, ƙurar maɗaci ba ta da daɗi a ƙirji, balle a haɗa ta da ta hunturu. Kuma don Allah a cire babbar riga, a naɗe hannun kaftani sama da gwiwar hannu kafin a kunna. Fara koyo da malaina ko darbejiya, ka bar ƙirya sai hannu ya faɗa.