Kafin ka zagi gam, duba hannunka

Jiya a Kasuwar Katako ta Jos muka kaure da musu da wani abokin sana'ar kafinta. Shi ya dage Titebond ne kaɗai gam, sauran duk koko ne. Na ce masa, maigida, ka yi a hankali.

Ban ce ba shi da kyau ba. Titebond III yana jure ruwa sosai, kuma ba ya saurin kamawa, kana da sararin daidaita aikinka. Amma daga Amurka ake kawo shi, farashinsa da dala yake tafiya. In ka sa shi a gadon da ka yi ciniki da kyar, ina ribar? Ni a kan ƙofar waje da kabad ɗin ƙarƙashin wurin wanke-wanke kawai nake kashe wannan kuɗin, inda na san ruwa zai taɓa.

Gado, teburin falo, kujerar makaranta, farin gam ya ishe su. Top Bond da ake yi a nan gida, Fevicol na Indiya, Ponal na kamfanin Henkel, farinsu duk dangi ɗaya ne na gam ɗin katako da ake kira PVA. In ka haɗa katako biyu a tsaye da kyau, sau da yawa katakon ne zai tsage kafin layin gam ɗin ya buɗe. Evo-Stik kuwa na fomaika ne da fata, don Allah a daina sa shi a ƙafar kujera.

Abin da ba ma son faɗa shi ne muna tsinka gam da ruwa don roba ɗaya ta yi mako biyu. Sai mu shafa, mu buga ƙusa, ba matsewa, washegari a kai wa mai kaya. Alhali gam yana son a matse shi kamar awa ɗaya, a bar shi awa 24 kafin a ɗora masa nauyi. Katakon ma ɗanye muke saye. Malaina ce ko madaci, hunturu na zuwa ta bushe ta ja jiki, haɗin ya buɗe baki, a ce gam ne jabu.

Ga kuma sanyin Jos. Shi kansa Titebond ɗin, ba a so a yi aiki da shi ƙasa da digiri 8 zuwa 10, kuma daren Disamba a garin nan yakan kai can. Na taɓa haɗa saman tebur da magariba na bar shi a rumfa. Da safe layin ya yi fari kamar alli, na sa hannu ya rabu biyu. Gam mai tsada ne kuwa. Tun ranar, in hunturu ya shigo, da hantsi nake haɗa aiki, robar gam kuma a ɗaki take kwana.