Tsohon da ya ji yabon jana'izarsa da kunnensa

A 1998 aka fitar da wani ɗan ƙaramin fim ɗin barkwanci mai suna Waking Ned Devine. Kuɗin da aka kashe masa bai wuce dala miliyan 3 ba, amma ya tara sama da dala miliyan 50 a gidajen kallo na duniya. Babu wani matashin tauraro a gabansa. Dattawa biyu ne suka ɗauki nauyinsa a kafaɗa: Ian Bannen ɗan ƙasar Sikotland, da David Kelly, haifaffen Dublin ta ƙasar Ayalan, wanda a lokacin yake gab da cika shekara 70. A kan Kelly nake son tsayawa, domin a ganina da fim ɗin ya rasa shi da tuni an manta da shi.

A labarin, wani ƙauye ne a Ayalan mai mutum 52. Wani tsoho, Ned, ya ci cacar gwamnati ta kusan fam miliyan 7, murna ta kashe shi a gaban talabijin da tikitin a hannunsa. Ba shi da magaji. Sai aminai biyu, Jackie (Bannen) da Michael (Kelly), suka ƙulla cewa Michael zai tsaya a matsayin mamacin, daga baya ƙauyen duka ya shiga cikin shirin don a raba kuɗin. Mai karatu zai ce ai wannan caca ce da zamba, kuma gaskiyarsa ne. Ban zo wanke su ba. Akwai ma wani ƙorafin da ya fi wannan nauyi a wajen mutanen Ayalan: Kirk Jones da ya rubuta fim ɗin ya kuma ba da umarni Bature ne ɗan Ingila, ba a ma ɗauki fim ɗin a Ayalan ba, a ƙauyen Cregneash na tsibirin Man aka yi shi. Wasu na ganin hoton da baƙi ke so ne aka sayar musu, na ƙauyawa masu wayo da son barasa. Wannan ƙorafi yana da tushe.

To amma Kelly ɗan gida ne, kuma shi ya hana fim ɗin zama abin dariyar baƙi kawai. Tun yana yaro ya hau dandamalin wasan kwaikwayo a Dublin. A 1975 ya fito sau ɗaya tak a shirin Fawlty Towers na BBC, a matsayin magini O'Reilly mai ɓata aiki, aka daɗe ana tuna shi da wannan. A 1980 ya yi Rashers Tierney, wani faƙiri mai yawon titi, a shirin Strumpet City na gidan talabijin ɗin RTÉ, rawar da 'yan ƙasarsa da yawa ke ɗauka ita ce mafi girma a rayuwarsa. Shekara da shekaru yana aiki, kusan kullum a gefe, yana tallafe wasu.

Abin da aka fi yaɗawa daga Waking Ned Devine shi ne inda Michael ya hau babur ba sutura don ya riga jami'in caca isa gidan Ned. Da shi aka tallata fim ɗin, mutane suka yi ta dariyar ƙashin haƙarƙarin tsoho. Ni ba nan zuciyata ta tsaya ba. A cikin coci ne, ranar jana'izar Ned. Jackie ya miƙe zai yi jawabin ban kwana, sai ga jami'in ya shigo ya tsaya a baya. Ba halin ambaton sunan Ned, tunda a wajen jami'in Ned na raye. Dole Jackie ya ce Michael ne ya rasu, ya fara yabon amininsa alhali ga shi nan zaune a gaba yana saurare. Abin ya faro a matsayin dabara, sai ya koma gaskiya: Jackie ya faɗi abin da bai taɓa gaya masa ba duk tsawon zamansu. Kelly bai ce uffan ba. Ido kawai ya ɗaga, bakinsa ya ɗan motsa, kunya da daɗi suka haɗu a fuskarsa. Matashi ba zai iya wannan ba ko nawa aka biya shi, don sai wanda ya raka abokai da yawa makabarta ya san yadda ake zama a irin wannan kujera.

Shi ya sa nake ganin ƙarancin kuɗin ma alheri ya zame wa fim ɗin. Da akwai maƙudan kuɗi, da masu zuba jari sun nemi a sa matashi mai jan kasuwa, a tura dattawan su zama kakanni masu jawabi biyu. Mun san wannan a Kannywood: dattijo ya fito a falo da babbar riga, ya ce "Allah ya yi muku albarka," shi ke nan an gama da shi, sai ranar da ya rasu a cika Facebook da hotunansa. Ba kasafai ake zama a rubuta labari sukutum don tsoho ba, alhali shi ne ya fi kowa sanin aikin.

Kelly dai ya ci moriyar wannan dama da ransa. Ƙungiyar 'yan wasan fim ta Amurka ta sa sunansa cikin 'yan takarar lambar yabonta saboda rawar Michael. A 2005 darakta Tim Burton ya ba shi rawar kaka Joe a Charlie and the Chocolate Factory tare da Johnny Depp, a shekarar kuma masana'antar fim ta ƙasarsa ta karrama shi kan aikin rayuwarsa. Ian Bannen bai samu wannan jinkiri ba, haɗarin mota ya ɗauke shi kusa da tafkin Loch Ness a Nuwamban 1999, shekara guda bayan fitar fim ɗin. Kelly ya ƙara shekara 12 da 'yan watanni a duniya, ya rasu a Dublin a Fabrairun 2012 yana da shekara 82.