Malaman wasanni na Jos, dokar ƙwallon raga ta canza tun 1999

Malaman wasanni na makarantunmu na Jos, yau da ku nake, kuma a yi haƙuri da ni. Har yanzu akwai filayen da ake buga ƙwallon raga, wato bolibol, a tsaya a maki 15, a ce kuma ba mai samun maki sai ɓangaren da ke da sabis, wato bugun fara wasa. Wannan doka ta yi ritaya tun 1999. Yanzu duk ƙwallon da ya faɗi maki ne ga wani ɓangare. Kowane zagaye ana zuwa 25 da tazarar maki biyu, zagaye na biyar kaɗai ake tsayawa a 15. Yaron da ya tashi a tsohuwar doka ya saba in ya zubar da sabis ba a ci shi maki ba, ƙwallo kawai ya koma hannun abokan karawa. Ranar da ya je gasa a Abuja, wannan ɗabi'ar ce za ta kayar da shi.

Wasan nan dama bai taɓa zama wuri ɗaya ba. William Morgan ya ƙirƙiro shi a 1895 a garin Holyoke na jihar Massachusetts a Amurka, saboda magidanta da ƙwallon kwando ya yi wa tsanani. Mintonette ya raɗa masa, ragar ma ba ta cika mita 2 ba, kuma ɓangare ɗaya zai iya ta taɓa ƙwallo yadda ya ga dama. Wajen 1916 'yan Filifin suka fito da dabarar wani ya ɗaga, wani ya yi tsalle ya maka. A 1920 aka taƙaita taɓawa zuwa uku. An kafa hukumar duniya ta FIVB a Paris a 1947, wasan ya shiga gasar Olamfik a Tokyo a 1964. A 1998 aka kawo libero, ɗan wasan nan mai riga daban da ke tsaron baya, ba ya tarewa a raga, ba ya duka daga sama.

Me ya sa hukumar duniya za ta ware mutum guda don tsaro kawai? Don duka ya yi ƙarfi har ƙwallo ya daina daɗewa a sama. Nan ne muke da babban giɓi. A atisayenmu kowane yaro simash yake so, wato maka ƙwallo da ƙarfi, malami ma shi yake yi wa tafi. Amma in taɓawar farko ta lalace, mai ɗagawa zai bi ƙwallo da gudu, mai duka kuma sai dai ya tura shi sama-sama ya tsallake raga. Karɓar sabis ba wuya gare ta ba, naci take so. Ƙafafu a ware, gwiwa a lanƙwashe, hannaye biyu a haɗe a miƙe sambal, ƙwallo ya sauka a dantse, sama kaɗan da wuyan hannu. Ƙarfin daga ƙafa yake zuwa. Yaron da ke wurga hannu sama kamar mai sassabe zai aika ƙwallo bayansa. Wanda ya lanƙwasa gwiwar hannu kuma, a ƙirji ko haɓa zai same shi. Rabin lokacin atisaye bai yi wa wannan yawa ba.

Sau da yawa ma laifin ba na yaron ba ne, na ƙwallon ne. An kai wa mai faci ya ɗura masa iska kamar tayar babur. Ƙa'ida kilo 0.30 zuwa 0.325 ne a kowace santimita murabba'i, ƙasa sosai da na ƙwallon ƙafa, nauyinsa kuma giram 260 zuwa 280. Ƙwallo mai tauri yana sa dantse ya yi jawur, yarinya ta fara kaucewa, shi ke nan tsoro ya shiga. A safiyar hunturun Jos kuwa, zafin ninki ne.

Fili mita 18 ne da 9, layin hari mita 3 daga tsakiya. In kun ja layi da toka ko farar ƙasa, ku auna daga kusurwa zuwa kusurwar da ke kallonta: mita 20.12 za a samu ta duka ɓangarorin biyu, in ba haka ba filin ya karkace. Raga mita 2.43 ga maza, 2.24 ga mata, kuma a tsakiya ake aunawa, ba a jikin ƙarfe ba. Ragar da aka ɗaure da igiyar shanya takan yi ciki, yara su saba duka a kan raga gajera, ranar gasa duk dukansu ya ƙare a cikinta. Waya za a zura a sama, a ɗame ta.

Wanda zai kafa sabon fili a waje, ya miƙar da tsawonsa daga arewa zuwa kudu. In ya fuskanci gabas da yamma, ɓangare ɗaya da ranar la'asar a ido zai karɓi sabis.