Wayar Amurka da ba ta da ƙofa

Ranar wata Laraba wayata ta faɗa randa. Na sunkuya zan ɗebi ruwan alwala, tana aljihun gaban riga, sai kawai na ji tsulum. Yara suka ce a binne ta cikin shinkafa. Kwananta uku a buhun uwargida ba ta farfaɗo ba, shinkafar kuma aka dafa muka cinye.

Da a birni nake, da abin bai dame ni ba. Amma mu a garinmu kamfanin waya ɗaya tak ya kafa ƙarfen sabis a kusa, shi ɗin ma sai ka fito tsakar gida, in da hadari ka hau kan turmi. Na san tun 2013 aka ba mutum damar ɗaukar lambarsa ya koma wani kamfani, to ni in koma wa? Layin nan shi ke haɗe da NIN ɗina, ta kansa alat ɗin banki ke shigowa, shi dillalan hatsi na Dawanau suka sani shekara goma sha biyar. Ni da shi mutu ka raba ne, takalmin kaza. Saboda haka duk wayar da zan saya, sharaɗina ɗaya: ta karɓi sim ɗina, ta kuma iya jawo sabis daga kan turmi.

A teburin mai shayi kowa ya zama injiniya. Wannan ya ce Infinix, wancan ya ce Samsung ko ba komai. Mai shayin ya ce in ɗauki Tecno, cajinta na kwana biyu, ga gidan sim biyu. Na ce me mai mata ɗaya zai yi da ɗaki biyu? Duk da haka zuciyata ta kwanta da ita, har na ware kuɗin. Sai tsautsayi ya sa na ari wayar uwargida na kira ɗan ƙanwata da ke Amurka, don dai ya jajanta mini.

"Kawu, kada ka sayi komai. Akwai mai zuwa gida ƙarshen wata, zan ba shi saƙo."

Sati uku sim ɗina na cikin wayar uwargida. A cikin sati ukun nan ta san nawa nake sayar da buhun masara, ta san wa nake bi da wa ke bina, kuɗin cefane kuma ya ƙaru ba tare da an yi shawara da ni ba.

Saƙo ya iso. iPhone 14, fes da ita, ko ƙwarzane babu. Na ɗebi wani abu cikin kuɗin Tecno na aika aka sayo mata riga da gilashin kariya, da daddare na sa babbar riga na nufi majalisa, na ce mai shayi ya haɗa wa kowa da ƙwai. Sai da aka gama sa albarka na zaro sim daga cikin hula.

Muka juya ta dama, muka juya ta hagu. Babu ƙofa. Aka kawo tocila. Wani yaro ya ruga gida ya ɗauko allura, muka ga wasu 'yan ramuka jere a gindinta, muka bi su ɗaya bayan ɗaya muna zungura. Daga baya na ji ashe ta nan magana ke fita. Wani dattijo ya ce ai a zamanin Nokia bayan ake ɓallewa, har ya miƙa hannu ga wuƙar yanka burodi. Nan na rungume abata na ce sai da safe.

Washegari sai Kano, kasuwar waya ta Farm Centre. Wani yaro mai gyara, da ƙyar in ya kai ashirin, ya karɓa ya kalle ta sau ɗaya.

"Baba, 'yar Amurka ce. Tun daga 14 da ta fito a 2022, waɗanda ake sayarwa a can ba a yi musu gidan sim. eSIM ake sa musu."

Ya ce in je ofishin kamfanin layina da NIN, za su ba ni wani hoto mai ɗigo-ɗigo kamar jikin zabuwa, wayar ta ɗauka, layi ya shige ciki ba tare da an ga shigarsa ba. Na ce Alhamdu lillahi, ashe abin mai sauƙi ne. Har na fara tattara riga, shi kuwa yana ta latse-latse. Can ya tsaya, ya ja tsaki a hankali, ya kira maƙwabcinsa ya nuna masa. Duk wanda ya taɓa kai mara lafiya asibiti ya san abin da ake nufi idan likita ya kira ɗan'uwansa.

"Baba, a kulle take."

Ashe a Amurka kamfanonin layi bashi suke ba da waya, kana biya duk wata har wata 24 ko 36, kuma ba za ta karɓi layin kowa ba sai nasu har ka gama biya. Ni ina ɗaure da layi ɗaya a ƙauye, ita tana ɗaure da wani a bayan teku. Matar aure aka aiko mini, da igiyar wani a kanta.

Na ce ba dabara? Ya ce tsofaffin akan saƙala musu wani ɗan siririn abu a ƙarƙashin sim su buɗe, amma wannan ina za a saƙala? Akwai masu farke ta su dasa mata gidan sim, sai dai shi ba ya ɗaukar alkawari, in ta tashi shi ke nan, in ba ta tashi ba a yi haƙuri. Ko kuma in bar masa ita a kuɗin kayan gyara. Da ya faɗi kuɗin sai da na nemi benci.

A nan na ari wayarsa na kira ɗan ƙanwata, ban damu da cewa asuba ce a wurinsu ba.

"Kai! Kawu, wallahi na manta. Amma saura wata 19 kawai in gama biya."

Kawai, in ji shi.

Na lissafa abin da ya rage bayan riga, gilashi, ƙwan majalisa da kuɗin mota. Bai kai Tecno ba, ko rabinta. Na sayi 'yar itel mai madannai, wadda yara ke kira rakani-kashi, sim ɗina ya shige ɗaram kamar don shi aka ƙera ta.

Yanzu babbar tana aljihun gaba don mutunci, ƙaramar tana aljihun wando don aiki. In ina son ganin WhatsApp sai na lallaɓa uwargida ta buɗe mini data daga wayarta, in mun yi faɗa da safe kuwa ranar ba ni ba intanet. Ranar biki ita ke tafiya da ita ɗaukar hoto, ta kuma rataye kalanda a ɗaki tana soke watanni, don ta riga ta sanar cewa ranar da aka buɗe ta tata ce.

Shekaranjiya na manta na sa ƙaramar a aljihun gaba, na sunkuya randa. Tsulum. Na tsamo ta, na yarfe sau biyu, na goge da bakin riga, sai ga ta tana ƙara. Dillali ne daga Dawanau, wai nawa zan bar masa gero.