Ba kowane kamfanin manhaja ne "sitatop" ba

A Maradi yanzu, duk matashin da ya rubuta manhaja ya fara sayar wa 'yan kasuwa, sai a ce ya buɗe "sitatop" (startup a Turance). Shi ma ya karɓi sunan, don yana da daɗin faɗi a taro. Amma sunan nan tafe yake da ma'auninsa, kuma ma'aunin bai dace da yawancin masu wannan aiki a garin nan ba.

A inda kalmar ta samo asali, ana nufin kamfanin da ke karɓar jarin wasu, ya ba su kaso, ya yarda da asara ta shekaru don ya girma da sauri, daga ƙarshe a sayar da shi. Haka Paystack, kamfanin biyan kuɗi ta intanet na Legas, ta yi, har takwararta Stripe ta Amurka ta saye ta a 2020 a kan fiye da dala miliyan 200. Asusun masu irin wannan jari yakan yi wajen shekara 10, kuma sun san yawancin kamfanonin da suka zuba wa kuɗi za su mutu, ɗaya ko biyu ne za su biya asarar sauran. Saboda haka kamfani mai riba kaɗan-kaɗan ba ya gabansu.

To, a ɗauki wanda ya yi wa shagunan magani manhajar lissafin kaya. A ce yana da shago 30, kowanne na biyan jika 10 a wata. Jika 300 ke nan. Ya cire kuɗin intanet, man babur, hayar wurin ajiyar bayanai da albashin yaro ɗaya mai zagayawa gyara, abin da ya rage nasa ne, babu mai kaso a ciki. A idon mai zuba jari wannan ba komai ba ne. A kasuwar Maradi kuwa sana'a ce mai tsayuwa da ƙafarta.

Ɓarnar tana farawa ranar da ya yarda shi ɗan sitatop ne. Sai ya mayar da manhajar kyauta don ya nuna yawan masu amfani da ita a gasar da ake shiryawa a Yamai. Alhajin da ya saba da kyauta kuwa ba ya komawa biya. Sai ya yi gaggawar kafa SARL, wato cikakken kamfani mai rajista, tun bai da ciniki, ya ɗora wa kansa ɗawainiyar mai lissafi da takardun haraji, alhali dokar OHADA, wato dokar kasuwanci ta bai ɗaya da Nijar ke bi tare da wasu ƙasashen Afirka, tun 2010 ta tanadi matsayi mai sauƙi ga ƙaramin ɗan kasuwa, inda sanarwa a RCCM, wato rajistar 'yan kasuwa, ta isa ya fara. Sai ya raba kaso ga abokai a baki, babu rubutu, rigima ta biyo baya da zarar kuɗi ya fara shigowa. Mafi muni, sai ya gina abin da zai burge alƙalan gasa maimakon abin da mai shago ke nema: manhajar da ke aiki ko intanet ya yanke ko NIGELEC ta ɗauke wuta, mai riƙe littafin bashi, mai fitar da rasit, mai lissafi da sefa da naira tare, tunda kayan da yawa ta Ɗan Issa suke shigowa daga Katsina da Kano, kuma canji na motsi kullum.

Sauran sunayen ma ba su fi ba. Idan aka ce masa "mai gyaran kwamfuta", biyan lebura za a yi masa, sau ɗaya, a manta cewa manhaja na buƙatar kulawa kowane wata. Idan ya je banki da sunan ƙaramin kamfani, takardar fili za a tambaye shi, shi kuwa dukiyarsa kwangilolin biyan wata ne, ba a san yadda za a auna su ba.

Abin da ya fi dacewa shi ne a kira shi da inda kuɗinsa ke fitowa: kamfanin manhaja mai cin gashin kansa. Sunan bai ce ƙarami ba ne. Mailchimp ta Amurka, mai manhajar aika saƙon talla ta imel, ta fara a 2001 ba tare da jarin waje ba, kamfanin Intuit ya saye ta a 2021 a kan kusan dala biliyan 12. Da wannan suna tambayoyin da za a yi masa ma sun canja: mutum nawa ke biya, nawa suka sabunta bayan wata 6, wata nawa kuɗin asusu zai riƙe shi idan ciniki ya tsaya kamar lokacin da Najeriya ta rufe iyaka a 2019.

Akwai aikin da dole sai da jarin waje. Mai son fitar da kuɗin da ake ajiyewa a tura ta waya sai ya nuna wa BCEAO, babban bankin ƙasashen sefa na Yammacin Afirka, jarin sefa miliyan 300 kafin a ba shi izini, wannan ba abin da za a tara daga ribar shago 30 ba ne. Irin wannan shi ya cancanci sunan sitatop. Masu shirya gasa da malaman Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo su raba fannonin biyu a takardun cikewa, ɗan sitatop a tambaye shi shirin girma, mai cin gashin kansa a tambaye shi rasit ɗin wata 12 da suka wuce.